Sayar da tsohuwar motar da aka sake wa kama a Kumasi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu tsofaffin motoci a Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo Zongo, musamman waɗanda suka zuba kuɗi suka sake wa mota kama, yanzu kuma wata buƙata ta taso ko sha'awar ta kwanta. Ba maganar Corolla ko Vitz ake yi ba, waɗannan kowane yaron garejin ya san kuɗinsu. Maganar irin su tsohuwar Benz ce, da Peugeot 504, da Beetle, da Land Rover ta da, da Land Cruiser mai zagayayyun fitilu.

Kowace tsohuwar mota ce ake nema, ko akwai waɗanda tsufa kawai suka yi?

Akwai bambanci, kuma gara mutum ya san inda tasa ta faɗa kafin ya fara kiran kuɗi. Shekaru kaɗai ba sa ba mota daraja. Abin da ke ba ta shi ne a samu mutanen da ke nemanta da sunanta. Benz samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, tana cikin waɗannan, musamman masu shan dizal irin su 240D da 300D, saboda injinsu ya yi suna wajen juriya. Haka W124 da ta biyo bayanta. Peugeot 504 ta fara fita a Faransa a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna bayan Faransa ta daina, shi ya sa har yanzu kayanta ba su ɓace a Afirka ta Yamma ba. Land Cruiser samfurin 40, wadda Toyota ta yi daga 1960 zuwa 1984, ita kam har a Turai da Amurka ana rububinta.

Amma motar da ta yi shekara ashirin tana tasi tsakanin Kejetia da Tech, kujeru sun lotse, ƙasa ta ɓule, wannan gajiya ta yi. Fenti ba zai mayar da ita cikin sahun waɗancan ba.

Na kashe mata fiye da kuɗin da na saye ta. Kuɗina zai dawo?

Da wuya. Wannan ita ce maganar da masu mota ba sa son ji, kuma ita ce ke sa mota ta shekara a ƙofar gida da takardar sayarwa manne a gilashi har rana ta cinye rubutun.

Kuɗin da ka kashe iri biyu ne. Akwai wanda ya tafi wajen raya motar: sake injin, gyara burki, yanke tsatsa a walda sabon ƙarfe, sabunta wayoyin lantarki, canza robobin ƙofa da na gilashi. Wannan mai saye yana ganinsa, yana kuma biyan wani kaso nasa, don aiki ne da ka ɗauke masa. Akwai kuma wanda ya tafi wajen son ranka: jan fenti mai ƙyalli, manyan wili, kujerun fata masu ɗinkin sunanka, lasifikokin da suka cinye rabin but, fitilu masu canza launi a ƙarƙashin mota. Wannan kai ka more shi. Wanda zai saya yana da nasa son ran, kuma sau da yawa yana tsaye yana kallon abin da kake alfahari da shi, a zuciyarsa lissafi yake na nawa zai kashe ya cire.

Ba ina cewa kwalliya laifi ba ce. Motarka ce, kuɗinka ne, ka hau ta ranar Sallah an kalle ka. Sai dai ranar ciniki kada ka ɗora wa mai saye kuɗin kallon da aka yi maka.

To wane gyara ne ke ƙara kuɗi, wane ne ke ragewa?

Ka'idar da ba ta cika saɓawa ba ita ce: duk gyaran da za a iya kwancewa a mayar da mota yadda take, ba ya cutar da farashi sosai. Wili, rediyo, sitiyari, murfin kujera, duk ƙusoshi ne, a kwance a ɗaura. Wanda ke karya farashi shi ne wanda aka sa abin yanka ƙarfe a ciki: an yanke rufi, an faɗaɗa bakin taya, an huda dashbod don a cusa allo, an yanke shasi don wani injin ya samu wurin zama.

Maganar injin tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan Kumasi ita ce ta fi yawa. A Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyaran mota, babu injin da ba za a iya zaunar da shi a cikin kowace mota ba, kuma wannan gwaninta ce ta gaske, ita ta riƙe motocin ƙasar nan a kan hanya a shekarun da kayan gyara suka yi wuya. Mutum ya gaji da kafireta, ya gaji da shan mai, sai a ɗauko masa injin Toyota ko Nissan a sa a cikin Benz ko 504. Motar ta tashi da bugu ɗaya, ta rage shan mai, fita, wato makanike, na kowace unguwa ya iya taɓa ta. Ga mai neman motar hawa kullum, wannan ci gaba ne, har yana iya fifita ta a kan mai injin asali. Ga mai neman tsohuwar Benz don ita Benz ce, motar ta tashi daga abin da yake nema. Masu irin wannan sha'awa su ne ke biyan kuɗi mai kauri, su ne kuma suka fi kowa ƙin injin baƙo. Don haka canjin injin ya canza maka masu saye: ya rage masu tsada, ya ƙaro masu neman sauƙi.

Akwai gyaran zamani da kusan kowa ke maraba da shi idan an yi shi da tsabta. Na'urar sanyaya mota ita ce ta farko. Tsofaffin motoci da iskar R12 suke aiki, wadda aka daina yi, don haka wanda ya mayar da tasa kan R134a kuma tana sanyi da gaske ya yi abin kirki. Haka ƙarin lagireto mai kyau, da burki mai kamawa, da bel ɗin kujera.

Idan tsohon injin, ko kafireta, ko wilin asali, ko sitiyarin da ka cire suna nan a ɗaki ko a wurin masta, wato babban makaniken gareji, ka je ka kwaso su yau. Ka haɗa su da motar. Wani lokaci tarkacen nan su ne ke sa mai saye ya daina ja.

Na canza launi da injin, amma takardu na nan yadda suke. Akwai matsala?

Akwai, kuma ta fi ta tsatsa. Abin da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, ta rubuta game da motarka ya haɗa da lambar shasi, lambar injin, launi da irin jikin motar. Idan takarda ta ce fara ce mai dizal, ga mota kuma baƙa mai fetur, to a idon jami'in da zai duba ta ranar canjin suna, da ɗan sandan MTTD mai kula da hanya da zai tsayar da ita a hanyar Ejisu, wannan wata mota ce daban har sai ka nuna yadda aka yi.

Ka gyara wannan tun motar na hannunka, da sunanka. Ka kai ta DVLA a duba, a shigar da sabon launi da sabuwar lambar injin. Ka tafi da rasit ɗin injin da ka saya, mai ɗauke da lambarsa da sunan shagon. Idan an mayar da motar mai amfani da gas ɗin girki, shi ma a shigar. Mai saye da ya ji an ce masa «ai ƙaramin abu ne, kai ma za ka iya yi daga baya» yana da gaskiya idan ya zabge kuɗi ko ya juya, domin shi ba shi da rasit, bai san wanda ya yi aikin ba, kuma shi za a tambaya.

Lambar shasi kuwa, kada a taɓa ta ko kaɗan. Masu fenti kan shafe ta da fila, abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ko su rufe ta da fenti mai kauri, masu walda kan yanke wurin da take idan ya yi tsatsa. Kafin a fara kowane aiki a nuna musu wurin a ce su kewaye shi. A Beetle tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, kuma da yake jikin Beetle kwance shi ake daga ƙasanta da ƙusoshi, an sha samun jikin wata a kan ƙasan wata. Kada kuma ka firgita idan lambar tsohuwar motarka ba ta kai haruffa 17 ba. Wannan tsari daga 1981 ya kankama, motocin da suka girme shi lambobinsu gajeru ne.

Waɗanne takardu zan tara kafin in ce ina sayarwa?

Takardar rajistar motar da duk takardun canjin suna da suka biyo bayanta tun daga mai ita na farko, takardun kwastan na shigowarta idan suna nan, rodwodi (shaidar lafiyar mota) mai rai, inshora mai rai, da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Motar gida sau ɗaya a shekara ake sabunta mata rodwodi, ta haya duk wata shida. Inshorar kuwa tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ta buɗe rumbun da ake duba ta ta waya, don haka sitika ta bogi ba ta wuce minti ɗaya a hannun mai saye mai wayo.

Bayan waɗannan, ka tara duk rasit da hotunan aikin da aka yi. Hoton motar tana tsirara an kankare fenti, ana walda, ana haɗa injin, ya fi duk rantsuwar da za ka yi.

Motar mahaifinmu ce, Allah Ya yi masa rasuwa. Ni na gyara ta da kuɗina. Zan iya sayarwa?

Allah Ya jiƙansa. Amma a'a, ba kai kaɗai ba, kuma ba yanzu-yanzu ba. Yawancin kyawawan tsofaffin Benz da ke zango irin wannan tarihi gare su: Alhaji ya saya lokacin da kasuwar goro ko ta shanu ke garawa, ya rasu, motar ta zauna a ƙarƙashin rumfa, sai ɗa ɗaya mai sha'awa ya tashe ta. Kuɗin da ya kashe bai mayar da ita tasa ba. Tana cikin gado, kuma iyaye mata da 'yan'uwa mata suna da haƙƙi a cikinta kamar yadda suke da shi a gida.

Ta fuskar addini, a zauna da malamin da ya san rabon gado, a yi wa motar kuɗi, a kuma yi maganar abin da ka kashe a fili: ko a biya ka daga kuɗin sayarwa, ko ka yafe, ko ka saye kason sauran ta zama taka. Ta fuskar hukuma, mamaci ba ya sa hannu, don haka sai an samo takardar kotu da ke ba wani ko wasu ikon kula da dukiyar kafin a iya canza suna. Dokar gado ta 1985, wadda aka fi sani da PNDC Law 111, ta lissafa motar hawa da ba ta haya ba cikin kayan gida, waɗanda ta ba matar mamaci da 'ya'yansa. Ko ta wace hanya iyali suka bi, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Kada a yarda da shawarar a kwaikwayi sa hannun marigayi don a gajarta hanya. Laifi ne, kuma ranar da wata ƙanwa da ke aure a Tamale ko Nima ta ji labari, cinikin zai warware a gaban kowa.

Ni ma da na saya ban canza suna ba. Takardun na ɗauke da sunan wani da ban taɓa gani ba.

Wannan ya zama ruwan dare. Mota ta bi hannu huɗu, kowa ya karɓi ambulan ɗin takardu ya miƙa wa na gaba. Ka bi sawu tun yanzu: wanda ya sayar maka, wanda ya sayar masa, har a kai ga mai sunan ko magadansa. Idan sawun ya yanke, ka je DVLA da kanka ka faɗi halin da ake ciki, a gaya maka abin da za su karɓa, wanda yakan haɗa da takardar rantsuwa da binciken 'yan sanda. Ka shiga ofis ka yi magana da ma'aikaci, ka biya a inda ake ba da rasit. 'Yan goro, wato masu shiga tsakani da ke tare mutane a bakin ƙofa, suna iya kawo maka takarda mai kyan gani wadda ba ta cikin kwamfutar hukuma.

Motar lambar Togo gare ta. Wani abokina kuma tasa ta Najeriya ce.

Motar da ta shigo da lambar wata ƙasa da izinin zama na ɗan lokaci ta shigo, ba ta zama 'yar ƙasa ba. Ba a sayar da ita a Ghana sai an biya mata kuɗin kwastan an yi mata rajista. Ga tsohuwar mota kuwa lissafin yana da nauyi, domin motar da ta wuce shekara goma akwai tarar tsufa a kanta bayan harajin. Ka je kwastan a yi maka lissafin kafin ka sa farashi, in ba haka ba ka mayar da ita inda ta fito ka sayar a can.

Sitiyarinta a dama yake. Wannan aibi ne?

Idan tsohuwa ce sosai, yana iya zama shaidar asalinta. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974. Kafin nan hagu ake bi irin na Ingila, motoci kuma sitiyarinsu a dama. Motar da aka yi wa rajista a nan kafin wannan rana, ta kuma zauna da takardunta, tarihinta a bayyane yake. Wadda aka shigo da ita daga baya da sitiyarin dama ita ce mai tambaya a kanta, don dokar kwastan ta hana shigo da irinsu. Idan kuma an juya sitiyarin daga dama zuwa hagu, ka faɗa, ka bar fitan mai saye ya leƙa aikin da kyau, don rai ne a wurin.

Yaya zan sa farashi? Zan iya kira da dala?

Irin wannan mota ba ta da farashin kasuwa tsayayye, don ba a samun biyu iri ɗaya. Ka duba abin da ake kira wa irinta a shafin talla na Jiji da Facebook, ka tuna cewa kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne kuɗin da aka sallama ba. Ka tambayi masta biyu ko uku a Magazine waɗanda ke aikin irin motar, su ne ke jin nawa aka biya da gaske. Kada ka ɗauko farashin Jamus ko Amurka ka juya shi zuwa sidi. Motar can ba ta sha ramukan hanyarmu ba, kuma masu sayen can ba su ne za su zo Aboabo ba.

Ka riƙe lamba biyu a zuciyarka: wadda za ka kira, da wadda ƙasa da ita za ka ce albarka. Ta biyun kada ko dillali ya ji ta.

Dala kuwa, Bankin Ghana ya sha nanata cewa doka ta hana sa farashi ko karɓar kuɗin kaya da kuɗin waje a cikin ƙasa ba tare da izini ba, bisa dokar musayar kuɗi ta 2006. Ka kira da sidi. Idan kana tsoron faɗuwar sidi, ka ce farashin na mako biyu ne.

Wani abu da ke haddasa rigima har yau: tsohon lissafi. Tun Yulin 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma dattawa da 'yan kasuwa da yawa da miliyan suke magana. Wanda ya ce maka «miliyan 800» yana nufin sidi 80,000. A takardar ciniki a rubuta da sabon sidi, da lamba da kuma kalmomi.

A ina zan tallata ta?

Sau da yawa mai sayen yana kusa: wani Alhaji da ya daɗe yana tambayarka ita a masallaci, ko ɗan boga, wato mazaunin ƙasar waje, da ya zo hutu daga Hamburg ko Bronx yana neman irin motar da babansa ya hau. Ka fara da WhatsApp da bakin masta. Bayan nan Jiji da Facebook, a nan ne mutanen Accra za su gan ta, kuma masu sayen motar sha'awa sun fi yawa a can. Masu hayar motocin biki da masu shirya fim da bidiyon waƙa su ma suna nema, kuma su ne ƙalilan da kwalliya ke burge su fiye da asali.

Ka ɗauki hoto da safe ko da yamma, a wanke, a fili. Gaba, baya, gefe biyu, ciki, injin, cikin but an ɗaga kafet, da ƙarƙashi idan ka samu rami. Ka ƙara bidiyon tashin injin da sanyin safiya. Ka rufe lambar mota a hoto, kuma kada ka tura wa kowa hoton takardunka ko na Ghana Card, don da su 'yan damfara ke sayar da motar da ba tasu ba.

In sa dillali?

Dillali na gari yana kai mota inda kai ba za ka kai ta ba, kuma la'adarsa halal ce. A yanke ta tun farko, a gaban shaida: kaso ne daga kuɗin, ko adadi ne tsayayye, kuma wa zai biya. Tsarin «ka ba ni kaza, abin da ka samu a sama naka ne» shi ke sa mota ta kwana, don zai ɗora abin da ba mai iya biya, in kuma dillalai uku suka shiga, mai saye zai ji farashi uku ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Makulli da takardun asali su zauna a hannunka.

Dole ne in faɗi duk aibinta? Ai mai saye yana da ido.

Dole ne. Malamai sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayar da kaya. Dokar ƙasa ma ba ta kare wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya sayar. Ban da wannan, zango ƙarami ne. Wanda ka sayar wa za ku haɗu a jana'iza da ɗaurin aure har ƙarshen rayuwa.

Aibin da aka fi ɓoyewa a tsohuwar mota shi ne tsatsa a ƙarƙashin sabon fenti. A W123 wuraren da take kamawa sanannu ne: inda ake sa jak, ƙarƙashin batir, bakin tayoyi, ƙasan ƙafar direba, da lungunan but inda ruwa ke kwanciya. Land Rover jikinta na alminiyom ne ba ya tsatsa, sai mutum ya ruɗu, alhali shasi da bangon da ke tsakanin injin da direba ƙarfe ne, su ne ke ruɓewa. Wanda ya san mota zai zo da ɗan maganaɗisu ya bi jikinta, duk inda ya ƙi kamawa ya san fila ce aka cika. Gara ka nuna masa da yatsanka kafin ya gano. Motar da ta yi rayuwarta a Kumasi ko arewa tana da abin faɗa a nan, don iskar teku ta Accra, Tema da Takoradi tana cin ƙarfe. Idan kuma ta taɓa nutsewa a ambaliya, ko ta yi haɗari an miƙe ta, ko agogon kilomita ya tsaya shekaru, duk a faɗa, a kuma rubuta a takardar ciniki cewa an faɗa.

Mai saye yana so ya zo da fitansa, kuma ya tuƙa ta.

Ka yarda da fita, wanda ya hana dubawa ya nuna akwai abin ɓoyewa. Sai dai dubawa daban, kwancewa daban: ba a buɗe injin ba sai an yi ciniki. Ka sani kuma fita yakan kushe mota don ya nuna wa wanda ya kawo shi cewa ya yi aiki, kada ka hau.

Haɗuwar farko a yi ta da rana a wurin jama'a, gidan mai ko garejin mastanka, ba cikin gidanka ba. Wajen gwaji ka ga lasisinsa, ka zauna a gefensa, wani naka ya zauna a baya, kai ka zaɓi hanya. Idan za ku canza wuri, ka zare makulli ka fita da shi a hannu. Ka gaya masa halin motar kafin ya taka: burkin da ba irin na yau ba ne, giyar wata a jikin sitiyari take, dizal na da kuma sai an jira ya ɗumama kafin a murza.

Yaya zan karɓi kuɗi? Ya ce zai ba da rabi, sauran bayan wata biyu.

A banki, ku biyu, da rana. Ko ya zuba a asusunka a gabanka, ko ya tura ka ga kuɗin a cikin asusun da idonka, ba a saƙon waya ba. Saƙon MoMo (tura kuɗi ta waya) na ƙarya da hoton rasit na ƙarya sun cika gari, kuma MoMo tana da iyakar abin da take ɗauka a rana. Cek ba kuɗi ba ne sai ya faɗa. Wanda ya kawo cek da yammacin Juma'a yana son tafiya da mota a ranar, ka ce masa sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.

Kafin alƙalami ba laifi, a rubuta nawa ne, zuwa yaushe, da abin da zai faru da shi idan ya fasa. Biya kashi-kashi kuwa, idan har za ka yarda, mota da takardu su zauna wurinka sai an cika. Tsohuwar mota ba ta rasa abin da zai lalace cikin wata biyu, kuma duk abin da ya lalace daga cikin ragowar kuɗinka za a cire shi. Idan ɗan'uwa ne ko surukin gida, rubutun ya fi zama dole, ba don rashin yarda ba, don mantuwa da mutuwa.

Takardar ciniki ta ƙunshi sunayenku da lambobin Ghana Card, lambar mota, ta shasi da ta injin, jerin gyare-gyaren da aka yi, aibin da aka faɗa, kuɗi, rana da lokacin miƙa makulli, da shaidu biyu. Kowa ya riƙe kofi.

Ya biya, ya ce shi zai je ya canza suna daga baya.

Kada ka yarda. Ku je DVLA tare, da motar, a cike takardar canjin mai mota, a duba lambobi, a gama. Muddin sunanka ne a rajista, duk abin da motar ta yi ƙofarka za a fara bugawa: ta buge mutum a Sofoline, an kama ta da kayan laifi, an ci ta tara. Wa zai biya kuɗin canjin, wannan a yi shi cikin ciniki. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa ka sayar, shi ma ya yi tasa da sunansa.

Wani daga waje ya ce yana so, zai turo wakili ya ɗauka.

Mafi yawan irin waɗannan saƙonni damfara ne, musamman wanda bai taya ba, bai nemi ganin ƙarƙashin mota ba, ya kuma ce zai turo fiye da kuɗin ka mayar masa da canji. Amma akwai na gaske, galibi 'yan'uwanmu da ke zaune a can. Su ya kamata su san dokar inda za su kai ta. Amurka tana sassauta wa motar da ta cika shekara 25, amma sassaucin hayaƙi yana tafiya ne da injin asali. Jamus tana ba motar da ta kai shekara 30 lambar tarihi mai harafin H, da sharaɗin tana kusa da yadda aka ƙera ta. A Ingila shekara 40 ne, kuma motar da aka yi wa babban sauyi tana rasa wani ɓangare na sassaucin. Benz mai injin Toyota ba za ta samu waɗannan cikin sauƙi ba, gara ka faɗa masa tun kafin ya biya kuɗin kwantena a Tema. Kai naka shi ne kuɗi su shiga asusunka cikakku, a yi takarda da sunan mai sayen ko wakilin da ya ba izini a rubuce. Jigila da fitarwa aikinsa ne.

Ta yi watanni ba wanda ya taya da kyau. In sayar da ita kaya-kaya?

Kafin nan ka gwada abu biyu. Ka cire kwalliyar da ke cirewa, wili da lasifikoki da fitilu, ka sayar da su daban, ka mayar mata da na asali ka sake ɗaukar hoto. Sannan ka rage farashi sau ɗaya, ragi mai ma'ana, maimakon ɗan tsinke duk mako wanda ke koya wa masu kallo su ci gaba da jira. A wannan zaman kuma ka riƙa tayar da ita kana zagayawa da ita duk mako, ka ajiye ta a inuwa, don robobi da burki da batir zama ke kashe su.

Yankawa ta dace da motar da tsatsa ta cinye shasinta ko wadda takardunta suka ƙi gyaruwa. Injin dizal na Benz, giyabos, gilasai, fitilu, bamba da ƙarafan ado masu ƙyalli duk suna da masu nema a Magazine da kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, wani lokaci jimillarsu ta fi abin da za a taya motar a tsaye. Sai dai kuɗin a hankali suke shigowa, kaya masu kyau su tafi a makon farko, gangar jikin ta zauna maka a ƙofar gida sai masu sayen ƙarfe sun zo da sikeli. Idan ka yanke shawarar haka, ka cire lambobin motar ka riƙe, ka sanar da DVLA cewa ta daina aiki, kuma kada ka sayar wa kowa takardunta ko guntun ƙarfen da lambar shasi ke kai, ko nawa ya taya.